Benen tsaro na Craigievar a ƙasar Sikotland: doka, yaɓe, da ma'anar kare gini na tarihi

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara takardun hukuma daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar da ke cikin kalmomi irin su « patrimoine », « classement » da « restauration ». Sau da yawa mukan tattara su duka mu ce « adanawa » ko « gyarawa », alhali kuwa kowace ɗaya tana nufin wani aiki dabam, mai dokarsa da ma'aikatansa. A ganinmu, hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a ɗauki gini guda a bi tarihinsa, a ga abin da kowace kalma ta zama a aikace.

Ginin da muka zaɓa shi ne Craigievar, wanda yake a yankin Aberdeen, arewa maso gabashin Sikotland, ƙasar da Faransawa ke kira « Écosse », kimanin kilomita 10 kudu da garin Alford. Dalilin zaɓen shi ne wannan: gini ne da ya yi shekara kusan 350 a hannun zuri'a ɗaya ba tare da wata babbar ɓarna ba, amma wata lahani mai tsanani ta same shi bayan ya shiga hannun masu kare shi, kuma ta hanyar gyara ta same shi. Za mu fara da bayanin irin ginin da sunayen sassansa, sa'an nan tarihinsa, sa'an nan dokokin da ke kare shi, kafin mu zo ga maganar yaɓe, wadda ita ce zuciyar wannan maƙala.

1. Irin ginin da sunayen sassansa

1.1. Matsalar suna

Daga ƙarni na 14 zuwa na 17, masu ƙasa a Sikotland sun riƙa gina wani irin gida na dutse, siriri, mai tsawo, inda ake ɗora ɗakuna bisa juna maimakon a jera su a tsakar gida. Faransanci na kiransa « maison-tour ». A Hausa, « hasumiya » ba ta dace ba, domin hasumiya ba wurin kwana ba ce. « Ganuwa » kuma gari take kewayewa. « Fada » tana kawo sarki da fadawa cikin tunani, alhali mai irin wannan gida sau da yawa ƙaramin mai ƙasa ne, wanda harshen Sikot ke kira « laird ». Wannan kalma ƴar'uwar « lord » ce ta Ingilishi, amma darajarta ba ta kai tata ba. Saboda haka muka ɗauki « benen tsaro »: bene, domin hawa-hawa ne kuma gidan zama ne, tsaro, domin abin da ya tsara siffarsa ke nan.

Ya kamata mu tuna cewa harsuna uku ne suka bar sawu a wannan fage. Akwai Gelik, harshen Seltawa, wanda daga gare shi ne kashin farko na sunan Craigievar ya fito, watau « creag », dutse ko tsauni. Akwai harshen Sikot, ɗan'uwan Ingilishi na kusa, wanda ya ba da mafi yawan kalmomin magina. Akwai kuma Ingilishi, harshen dokokin yau.

1.2. Tsarin tsaro

Benen tsaro ba a yi shi don ya jure wa rundunar sarki mai igwa ba. An yi shi ne don harin dare, satar shanu da gabar dangi. Ƙofa ɗaya gare shi. Bayan ƙyauren katako akwai wani na ƙarfe, mai sanduna da aka saƙa cikin juna ta yadda ba a iya zare su, sunansa « yett », kalmar da ta fito tushe ɗaya da « gate » ta Ingilishi. Hawa na ƙasa rufinsa na dutse ne, mai baka, don kada wuta ta ci. Nan ake ajiye abinci. Babban ɗakin taro yana hawa na biyu, ɗakunan kwana suna sama. Matakala ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar dodon koɗi, mutum ɗaya ne ke iya hawa a lokaci guda. A waje kuma akwai katanga da ke kewaye fili, inda ake shigar da dabbobi da talakawa in an ji ƙishin-ƙishin hari. Sunanta « barmkin ».

Hukuma ta sa baki a wannan tsari tun da wuri. A 1535 majalisar Sikotland ta umarci masu ƙasa na kan iyaka da Ingila, waɗanda ƙasarsu ta kai darajar fam 100, su gina irin wannan katanga mai faɗin ƙafa 60, kimanin mita 18, domin su da mutanensu. Bayan an haɗa sarautun ƙasashen biyu a 1603, sai iska ta juya: a 1606 aka ba da umarnin a cire ƙyauren ƙarfe daga gidajen ƙananan masu ƙasa na kan iyaka, domin ya zama mafakar masu ƙin bin doka. Abin da hukuma ta wajabta jiya, shi ta hana yau; kuma shi ne take karewa a zamaninmu.

2. Tarihin Craigievar a taƙaice

Iyalin Mortimer ne suka fara ginin a ƙarshen ƙarni na 16, amma kuɗi ya yanke musu. A 1610 wani attajiri, William Forbes, ya saye ƙasar da ginin da ba a ƙare ba. Dukiyarsa daga fatauci ta fito, tsakanin Sikotland da tashoshin tekun Baltik, musamman Danzig, birnin da ake kira Gdansk a Poland ta yau, har aka yi masa laƙabi da sunan garin. Wansa, Patrick Forbes, shi ne bishop na Aberdeen. An kammala ginin a 1626.

Wannan shekara tana da muhimmanci. A lokacin, zamanin hare-hare ya kusa wucewa, don haka ginin ya fito da fuska biyu. Daga ƙasa zuwa tsakiya bango ne sumul, mai ƙananan tagogi, da ƙofa ɗaya da ƙyauren ƙarfenta. Daga can sama kuwa sai ya buɗe kamar kan giginya: ƙananan hasumiyoyi masu rufi mai tsini sun fito waje bisa duwatsun da aka jera suna tallafe da su, da barandar hangen nesa, da indararo na dutse da aka sassaƙa. Hawa 7 gare shi, kuma shimfiɗarsa tana da siffar harafin L. A ciki, rufin ɗakuna an yi masa ado da farar ƙasa da aka zuba cikin zubi, da hotunan jarumai da tambarin iyali. Bisa murhun babban ɗaki akwai tambarin gidan sarauta. Waɗannan rufe-rufe na shekarun 1620 suna daga cikin mafi daraja a ƙasar, kuma su ne abin da danshi ya fi yi wa barazana.

A shekarun 1820, mai gidan na lokacin, Sir John Forbes, ya kira John Smith, masanin gini na birnin Aberdeen, ya duba ginin. Aka sabunta rufi da yaɓe, amma ba a taɓa siffar ba, a daidai zamanin da masu kuɗi da yawa ke rushe irin waɗannan gidaje ko su manna musu sababbin sassa. Daga wannan gyara ne aka sa launi cikin yaɓen domin ya dace da jan dutsen da aka yi ado da shi, har gidan ya sami launin ja-ja mai haske da aka san shi da shi. Ke nan launin da baƙi ke ɗauka na asali ne ya zo ne shekara 200 bayan ginin. Za mu koma kan wannan.

Zuri'ar Forbes ta zauna a gidan har 1963, shekarar da ya koma hannun ƙungiyar National Trust for Scotland. Har yau ba a sa fitilar lantarki a hawan sama ba, kuma baƙi na shiga ne ƙungiya-ƙungiya, kaɗan-kaɗan, tare da ɗan jagora, saboda ƙuncin matakala da raunin dabe.

3. Kariya ta doka da kariya ta mallaka

3.1. Rajista iri biyu

Mai karatu da ya saba da tsarin Faransa ya san dokar 31 ga Disamba 1913 kan gine-ginen tarihi, da bambancin « classement » da « inscription », waɗanda matakai biyu ne na tsani guda. Tsarin Sikotland bai bi wannan hanya ba. Rajista biyu ne, kowace da irin abin da take ɗauka.

Ta farko ta shafi kufai da wuraren binciken tarihi, waɗanda galibi ba a zaune cikinsu. Asalinta dokar 1882 ce ta Birtaniya, kuma dokar 1979 ce ke tafiyar da ita. Wurare kimanin 8.000 ne a ciki. Benen tsaron da rufinsa ya zube, ya zama kango, yawanci nan yake shiga, kuma manufar ita ce a bar shi yadda aka same shi.

Ta biyu ta shafi gine-ginen da ake amfani da su ko ake iya amfani da su. Tushenta wani aiki ne na 1936, lokacin da Marquis na Bute ya ɗauki nauyin masanin gini Ian Lindsay ya lissafa tsofaffin gidajen garuruwan ƙasar, ya kasa su aji uku, A, B da C. Bayan yaƙin duniya na biyu doka ta karɓi wannan tsari, kuma dokar 1997 ce ke aiki a kansa. Gine-gine kimanin 47.000 ne a wannan rajista. Da can ana bayyana azuzuwan da darajar ƙasa, ta yanki da ta gari. Tun 2019 ana cewa aji A shi ne misali fitacce na wani zamani ko salo, B babban misali, C misali mai wakiltar irinsa. Craigievar yana aji A.

Hukumar da ke riƙe da rajistocin biyu ita ce Historic Environment Scotland, wadda aka kafa a 2015 ta hanyar haɗe tsofaffin hukumomi biyu.

3.2. Abin da rajista ke yi da abin da ba ta yi

Shigar da gini rajista ba ya raba shi da mai shi. Abin da yake jawowa shi ne, ba a rushe shi, ba a ƙara masa, ba a sauya wani abu da ya shafi kamanninsa, ciki ko waje, sai da izini na musamman daga hukumar yanki, wadda takan nemi shawarar hukumar ƙasa in ginin na aji A ne. Wanda ya yi aiki ba izini ya aikata laifi, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi. A nan ne muke ganin fassarar « adanawa » ta gaza. Abin da doka ta yi shi ne « sa wa gini takunkumin sauyi », ko a sauƙaƙe « rajistar kariya ».

Kariya ta biyu daga mallaka take zuwa. National Trust for Scotland ƙungiya ce mai zaman kanta, an kafa ta a 1931, tana rayuwa da kuɗin mambobi, kyauta, wasiyya da kuɗin shiga. Dokar 1935 ta ba ta ikon ayyana dukiyarta a matsayin wadda ba ta sayuwa. Mai jin Hausa zai gane wannan nan take in aka ce masa ya yi kama da wakafi ko hubusi, duk da cewa tushen shari'ar ba ɗaya ba ne.

To, ga gini mai rajista, a hannun ƙungiyar da aikinta ke nan. Me ya rage? Abin da ya rage shi ne sanin kayan aiki, kuma doka ba ta ba da shi.

4. Maganar yaɓe

4.1. Yaɓen gargajiya

Bangon Craigievar duwatsu ne marasa sassaƙa, manya da ƙanana, da aka ɗaure da kwaɓin farar ƙasa. Irin wannan bango ba a barin sa tsirara a ƙasar da ruwan sama ke zuwa da iska a kaikaice. Ana yi masa riga, wadda harshen Sikot ke kira « harl ». Da « farar ƙasa » a nan muna nufin abin da Faransanci ke kira « chaux »: ana toya dutsen « calcaire » cikin tanderu a zafin digiri kimanin 900, a jiƙa shi da ruwa, a gauraya da yashi da tsakuwa ƙanana. Magini ba ya shafa wannan kwaɓi. Watsa shi yake yi da ƙarfi a jikin bango, daga cokalin gini, shafi bisa shafi. Daga baya a bi shi da ruwan farar ƙasa mai launi, sau da yawa.

Wannan riga tana da halaye uku. Na farko, a hankali take ƙarfi, ta hanyar shan iskar karbon, har ta koma kusan dutsen da ta fito daga gare shi. Na biyu, tana da ƙananan kafofi: tana shan ruwa in ana ruwa, ta sake shi in iska ta busa. Na uku, ta fi dutse taushi, saboda haka in gini ya motsa kaɗan da zafi ko sanyi, tana bin sa, kuma in wani abu zai lalace, ita ce ke lalacewa kafin bango. Ma'ana, an yi ta ne domin ta ci, a sabunta ta.

4.2. Kuskuren siminti

A shekarun 1970 aka sake yi wa Craigievar yaɓe, da kwaɓi mai siminti. Ba mugunta ba ce, ba kuma sakaci ba. Abin da mafi yawan magina da masana na lokacin suka yarda da shi ke nan. Siminti na kamawa da wuri, yana da ƙarfi, ana ganin ba zai buƙaci kulawa ba, kuma masu sanin aikin farar ƙasa sun riga sun yi ƙaranci.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Siminti ba ya lanƙwasa, don haka yana tsagewa, tsaga siriri kamar gashi. Ruwa na shiga ta tsagar, da ta kewayen tagogi da hasumiyoyi, amma ba ya samun hanyar fita, domin rigar ta toshe. Sai ya taru cikin bango. Da sanyi ya kai ga daskarewa, ruwan na kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, yana buɗe tsagar, yana raba yaɓe da dutse. Danshin da ya rasa hanyar waje sai ya nufi ciki, inda kawunan katakon da ke ɗauke da dabe suke a binne cikin bango, inda kuma adon rufin shekarun 1620 yake maƙale. Daga waje gini na nan sumul. Ciwon a ɓoye yake.

A ƙarshen 2007 aka rufe gidan, aka kafa masa tsani ko'ina, aka ɓamɓare simintin, aka mayar da yaɓen farar ƙasa. Aikin ya ci shekara biyu, aka sake buɗewa a 2010. Amma magana ba ta ƙare nan ba. Bayan shekara goma sha, sai da aka sake rufe shi, aka gyara yaɓe da rufi da sassan sama, aka sake shafa ruwan farar ƙasa mai launi, kafin a buɗe a 2024. Wanda bai fahimci 4.1 ba zai ce gyaran farko bai yi ba. A gaskiya haka tsarin yake: rigar da ke kare bango dole ta riƙa cinyewa. Ƙaruwar ruwan hunturu a Sikotland tana kuma gajarta tazarar da ke tsakanin gyara da gyara. A 2022 hukumar ƙasa ta taƙaita shiga gomman wuraren tarihi da ke hannunta domin a duba duwatsun sama da ake tsoron faɗowarsu.

Darasin ya sa aka koma neman hannu. A 1994 aka kafa cibiyar koyar da aikin farar ƙasa, Scottish Lime Centre, a Charlestown, garin tsofaffin tanderu. A 2017 hukumar ƙasa ta buɗe cibiyar Engine Shed a Stirling domin sana'o'in gini na gargajiya.

4.3. Wane « asali » ake karewa?

Yarjejeniyar Venise ta 1964 ta nemi a girmama gudummawar kowane zamani a jikin gini, kada a share ta da sunan komawa ga siffar farko. Shi ya sa aka bar wa Craigievar launinsa na ƙarni na 19. Amma simintin shekarun 1970 shi ma gudummawar wani zamani ne. Me ya sa aka cire shi? Domin yana kashe abin da ya rufe. Takardar Nara ta 1994 ta faɗaɗa ma'anar « authenticité », ta shigar da fasaha da al'adar aiki cikinta. Bisa wannan fahimta, yaɓen da aka watsa a 2009 da hannu da kayan da magina na 1626 za su gane ya fi kusa da asali bisa simintin da ya girme shi da fiye da shekara 30. Don haka muke ganin « restauration » a irin wannan wuri ta fi kusa da « mayar da gini bisa hanyarsa » da a ce « sabuntawa ».

5. Abin da ya shafe mu

Dutse da sanyi ba namu ba ne, amma wannan ciwo mun san shi. A unguwar Birni ta Damagaram, da tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013, ana ganin bangon ƙasa da aka lulluɓe da siminti, ya kumbura, ya ɓalle fale-fale, ƙasar da ke bayansa ta zama gari. Dalilin ɗaya ne: riga mai tauri bisa jiki mai numfashi. Maginanmu suna da nasu riguna: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsi, gashin jima da dafara. Su ma cinyewa suke yi, ana sabunta su kafin damina. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tanadi rajistar kayan gado, kamar yadda ta Sikotland ta yi a shekarar. Amma kamar can, takarda ba ta kwaɓa ƙasa.

6. Kammalawa

Mun ga cewa kariyar Craigievar hawa uku gare ta: rajista, wadda ke hana sauyi ba izini, mallaka, wadda ke hana sayarwa, da kulawa ta kullum, wadda ke buƙatar magini mai sani da kuɗin da ba ya yankewa. Biyun farko suna nan lokacin da aka shafa siminti, ba su kuwa hana ba. Ga masu aikin ƙamus da fassara, shawararmu ita ce a ware kalmomi uku: « rajistar kariya », « kulawa » domin « entretien », da « mayarwa bisa hanya » domin « restauration ». Muna kuma ganin akwai aiki na gaggawa ga sashenmu: tattara kalmomin magina na Damagaram, Maraɗi da Tawa daga bakin sarakunan magina, tare da bayanin yadda ake haɗa kowane kwaɓi da lokacin da ake shafa shi, domin in sunan abu ya ɓace daga baki, ba a daɗewa hannu ma ya manta da shi.